Albasar Dawuda a Taswirar Duniya

Duk wanda ya taɓa zama a Jambutu, unguwar nan ta Garwa a arewacin Kamaru, ya san Dawuda Mai Albasa. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Dogo ne siriri mai ɗan gemu, wanda Allah ya zuba wa ɗoki tun yana cikin tsumma. In aka ce an yi haihuwa a maƙwabta, kafin a gama faɗin mace ce ko namiji ya isa ƙofar gidan, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Matarsa Hindu takan ce ita ba ta taɓa ganin ya jira shayi ya huce ba, shi ya sa kullum harshensa a ƙone yake.

Gidansu gidan kasuwanci ne. Kakansa ya zo daga Kano da jakuna da kanwa, ya ga kogin Binuwai ya sauke kaya. Mahaifinsa Alhaji Sulaimanu yana da shagon atamfa a babbar kasuwa, kuma can aka zaunar da Dawuda tun yana saurayi. Zaman ne ya gagara. Mai saye zai shigo, su fara hira, hira ta yi daɗi, mai saye ya fita, Dawuda ya bi shi har tashar mota yana ƙarasa labari, shago a buɗe.

A shekarar da aka gama dam ɗin Lagdo, Alhaji ya aike shi fadama ya kai wa wani saƙo. A hanya ya tarar da wani saurayi yana ban ruwa da jigo. Sunansa Fulbert, Kirista ne, ɗan mutanen dutse da suka sauko daga arewa neman ƙasar noma. Fulbert ya sunkuyar da sandar jigo, guga ta nutsa a rijiya, ta fito cike, ya juye a hanyar ruwa. Ruwan ya kama gudu yana lanƙwasa, yana tura ganyayyaki a gabansa, ya shiga komin albasa ya baje. Dawuda ya tsaya baki buɗe. Sai ya tattare riga ya bi ruwan da gudu har ƙarshen lambun, ya dawo yana haki.

"Sake zubawa, don Allah!"

Fulbert ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ba ka da aikin yi ne?"

"Ina da shi. Na bari yanzun nan."

Saƙon Alhaji bai isa ba ranar. Da Dawuda ya faɗa a gida cewa shi lambu zai yi, sai da aka tara dangi. Alhaji Sulaimanu ya ce tun da aka kafa gidansu ba a taɓa samun wanda ya bar awon yadi ya koma taka laka ba. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, aka sa malamin unguwa ya yi masa nasiha. Ƙarshenta Alhaji ya gaji, ya ce gara a bar shi, ko banza shago zai huta. Ya samo masa fili a jikin na Fulbert.

Fulbert ne ya koya masa komai: yadda ake haƙa rijiya a fadama, yadda ake gyara komi, yadda ake dashe ba a karya wuyan iri ba. Dawuda bai taɓa iya faɗin sunansa daidai ba, sai Fulɓe, wato sunan da Fulani ke kiran kansu. Yakan ce a duk faɗin Kamaru wannan ne kaɗai Fulɓe da ba shi da ko ɗan maraƙi. Fulbert kuwa mutum ne mai ƙarancin magana, sai dai ya yi murmushi ya ce, "To, Ɗan Kano." Haka suka manyanta tare. Da Sallah ana kai nama gidan Fulbert, da Kirsimeti ana kawo shinkafa gidan Dawuda.

Da ƙasa ta shiga matsi, aka zaftare albashin ma'aikata, darajar kuɗin sefa ta faɗi, sai fadama ta cika da sababbin manoma. Malaman makaranta da akawu da masu gadin ofis, kowa ya sayi fartanya. Rijiyoyi suka yi yawa har sai mutum ya duba inda zai sa ƙafa. A lokacin ne injin ban ruwa, wanda a nan ake kira motopom, ya fara shigowa ta Yola. Dawuda ne farkon wanda ya saya a wannan gefen fadamar. Ranar da aka tayar da shi, ya zuba masa zuwa-zuwa, wato man da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, ya ja igiya, injin ya yi tari ya kama. Ruwa ya fito daga tiyo da kaurin cinyar mutum. Dawuda ya yi ihu har tsuntsaye suka tashi daga bishiyoyi. Ya shiga gaban tiyon da kayan jikinsa, ya jiƙe sharkaf, yana rawa yana kiran sunan kakansa. Da ya koma gida Hindu ta tambaye shi ko a kogi ya faɗa.

Tun daga ranar, albasar Dawuda ba ta sake sanin ƙishirwa ba. Yakan cika komi har ya tumbatsa, ya tsaya yana kallo, ya ƙara. In aka ce masa ya isa haka, sai ya ce shi ba ya rowar ruwa, sai albasa ta ce masa useko, wato na gode da Fillanci, da bakinta. Kowace shekara yana ƙara wa rijiyarsa zurfi. Bai taɓa tambayar kansa dalili ba, ya ɗauka haka rijiya take tsufa.

Furfura ta riga ta cinye masa gemu lokacin da Henriette ta zo. 'Yar Garwa ce, ta yi karatun aikin gona da ruwa, tana jin Hausa da Fillanci da Faransanci, wani lokaci duka uku a jimla ɗaya. Ta zo a kan babur da wani akwati ɗaure a baya, ta same su a inuwar mangwaro.

"Baba Dawuda, aiki ne ya kawo ni. Ana wani bincike a ƙasashe da yawa na duniya, a gonakin da ke shan ruwan rijiya. Ana so a auna ruwan da manomi yake jawowa daga ƙasa, a kuma auna wanda shuka take sha da gaske, a ga tazarar da ke tsakani. Ina neman izini in sa lambunka da na Baba Fulbert a ciki."

Cikin duk wannan bayani kalma biyu Dawuda ya ji: duniya da aunawa. Ya miƙe zumbur.

"Da su wa za mu kara?"

"Ba karawa ba ce, Baba."

"Akwai Indiya?"

"Akwai."

"Sin fa? Amurka?"

"Duk akwai, amma..."

"Allahu akbar! Fulɓe, ka ji? Mun fito gasar duniya!"

Henriette ta sake bayani da Faransanci, ta sake da Fillanci, ko za a dace. Dawuda yana gyaɗa kai yana cewa ya gane sarai, idanunsa kuwa suna can wani wuri. Ta haƙura ta buɗe akwati. Ta ɗaura wa tiyonsa wani abu mai gilashi da lambobi masu juyawa, ta ce sunansa kontar, shi zai riƙa ƙirga ruwan da ya wuce. Dawuda ya raɗa masa agogon ruwa. Ta ɗaura wani a tiyon ƙaramin injin Fulbert. Ta binne wasu siraran sanduna masu jin damshin ƙasa a cikin komaye. Daga nan sai ta yi kuskuren da ta daɗe tana dariyarsa: ta gaya masa cewa akwai tauraron ɗan'adam da ke wucewa ta sama yana ɗaukar hoton gonakin, don a gane yawan ruwan da ganye ke fitarwa.

Dawuda ya ɗaga kai a hankali ya dubi sama.

"Yana ganina?"

"Gonar yake gani."

"To ai ina cikin gonar."

Kafin la'asar duk Jambutu ta ji cewa Dawuda ne zai wakilci Kamaru. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa wajen mai shayi, ya tare wani ɗan sanda a bakin titi ya faɗa masa. Washegari Hindu ta gan shi ya fito da babbar rigarsa ta shadda, wadda ya ɗinka don auren ƙanwarsa, ya kafa hula.

"Malam, ɗaurin aure za ka?"

"Lambu za ni."

"Da wannan rigar?"

"Hindu, ana kallonmu daga sama. So kike mutanen Sin su ce manoman Kamaru tsumma suke sawa?"

Ta bi shi da kallo, ta ce to ya dai sani ita ba za ta wanke laka daga shadda ba. Haka ya yi ta zuwa lambu cikin ado har rigar ta koma kalar fadama. In ya gyara komi sai ya miƙe ya ɗaga wa sama hannu. Wata rana jirgi ya taso daga filin jirgin Garwa, ya bi shi da gudu yana kaɗa hula, sai da Fulbert ya kira shi ya ce wannan na Yawunde ne.

Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne agogon ruwa. Lambobin suna juyawa, zuciyarsa tana juyawa tare da su. A ganinsa duk wanda lambarsa ta fi yawa shi ya ci. Sai ya ƙara wa injin wuta. Ya yi ban ruwa da safe, ya yi da rana tsaka, ya koma da yamma ya ƙara. Yakan leƙa agogon Fulbert, ya ga lambobinsa na tafiya kamar tsohuwar jaka, tausayi ya kama shi.

"Fulɓe, ka ƙara himma mana. Kar ka ba mu kunya a idon duniya."

Fulbert ya ce, "To, Ɗan Kano."

Duk zuwan da Henriette ta yi ta karanta agogon, sai ta zare ido. Ta ce masa, "Baba, ka riƙa yi yadda ka saba kawai." Ya ce ai haka ya saba, ɗan gyara kawai ya yi.

Bayan an cire albasa, ta dawo da kwamfuta. Manoman fadama suka taru a gindin mangwaro, Dawuda a gaba. Ta buɗe taswirar duniya. Ga ɗige-ɗige nan birjik, wasu kore, wasu rawaya, wasu ja. Ta yi ta matso da hoton har Afirka ta cika fuska, har Kamaru, har ga Binuwai kwance kamar igiya. Ga ɗigo biyu manne da juna. Na Fulbert rawaya. Na Dawuda ja ne jawur.

Dawuda ya yi tsalle ya dire. "Ja! Kun gani? Ja! Duk yankin nan ba mai irin nawa!" Ya kama hannun na kusa da shi yana girgizawa, ya rungume Fulbert, ya ce a je a gaya wa Hindu ta yanka zakara.

Henriette ta jira har ya zauna. Ta sassauta murya.

"Baba, kore shi ne wanda yawancin ruwansa ke isa ga shuka. Ja kuwa shi ne wanda ruwansa ke tafiya a banza. Fiye da rabin abin da kake jawowa albasarka ba ta ko ɗanɗana shi."

Wani a baya ya ƙunshe dariya ta kufce masa. Dawuda ya dubi kwamfuta, ya dubi Henriette.

"Ina yake zuwa?"

Maimakon ta amsa, sai ta ɗauki shebur ta ce ya biyo ta. Ta haƙa a gefen wani komi da ya jiƙa da safe don shukar rani ta biyu. Ta nuna masa inda saiwar albasa ke tsayawa, ko tsawon tafin hannu bai kai ba. Ta ci gaba da haƙa har gwiwa, har cinya, ƙasa jagab. Ta ce wani ruwan yashin hanya ke shanyewa tun kafin ya isa komi, wani rana ke ɗauka, wani kuma ya wuce saiwa ya gangara, ya tafi da takin da ya zuba. Wanda ya gangara yakan koma ƙasa sannu a hankali, amma man da ya ƙona wajen jawo shi ba ya dawowa. Sannan ta ajiye shebur ta dube shi.

"Akwai wani abu kuma. Rijiyarka da ta Baba Fulbert ruwa ɗaya suke sha. Duk ranar da injinka ya wuni yana aiki, tasa tana ja baya, kafin azahar sai laka."

Dawuda ya juya. Fulbert yana tsaye yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Fulɓe, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Kuma ba ka faɗa mini ba?"

Fulbert ya sosa ƙeya. "In ka tayar da injin nan murna kake yi. Na ga ba daɗi in katse maka."

Dawuda ya cire hula. Ya zauna a bakin ramin da aka haƙa, ƙafafunsa a ciki, ya share ido da hannun riga. Manoma suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Amma baƙin cikin Dawuda ba ya daɗewa. Can sai ya ɗago.

"'Yata, duk jajayen ɗigon nan da na gani a can gabas, su ma irina ne?"

"Irinka ne, Baba. Suna da yawa."

"To yaya ake fita daga ja?"

Ta fara lissafo masa, kafin ta kai ƙarshe ya miƙe yana neman fartanya.

Ɗokin da ya zuba wa ɓarnar ruwa, shi ya kwashe kaf ya zuba wa tattalinsa. Ya daina sakin ruwa a doguwar hanyar yashi, ya ƙara tiyo ya riƙa kai shi bakin komi. Ya rage girman komaye, ya daidaita su da katako don kada ruwa ya taru gefe ɗaya. Ya tafi Lagdo ya ɗauro buhunan ƙaiƙayin shinkafa a babur, shi kansa ba a ganinsa a tsakiyarsu, ya baza a kan ƙasa don ta riƙe damshi. Ya daina ban ruwa da rana tsaka. Suka raba kwanaki shi da Fulbert, in wannan ya ja yau, wancan ya ja gobe.

Da yake Dawuda ne, sai da ya wuce gona da iri. Ya koma yi wa albasa rowa har lawashi ya fara sunkuyar da kai. Hindu ta zo lambu cire yakuwa, ta gani, ta riƙe haɓa.

"Malam, azumi ka sa su?"

"Horo ne. Kore muke nema."

"Taswira za ta yi kore, gona ta bushe. To sai mu dafa taswirar."

Ta tsaya a kansa sai da ya tayar da inji. Daga baya Henriette ta koya masa ya riƙa cusa hannu a ƙasa ya dunƙula: in ta dunƙulu ya ƙyale, in ta wargaje ya ba da ruwa. Wannan ma ya zame masa abin yi. Ko gidan suna ya je, in ya ga tukunyar fure sai ya cusa yatsa, ya gaya wa masu gida ra'ayinsa.

Rani na gaba albasar ta yi kyau fiye da da, ba ta ruɓa a rumbu kamar yadda ta saba ba, kuma rijiyar Fulbert ta riƙa kaiwa yamma da ruwa. Da Henriette ta buɗe kwamfuta, ɗigon Dawuda ya bar ja, ya koma wata kala tsakanin ja da rawaya, kamar bayan lemo. Ta ce masa da saura. Ina! Dawuda ya riga ya hau babur, ya ɗora Fulbert a baya, suka zaga Jambutu yana danna oda, yana sanar da duk wanda suka wuce cewa Kamaru ta motsa. Fulbert ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ɗaya ya ƙanƙame Dawuda, yana ta addu'a da yarensu.

Kafin aikin ya ƙare, Henriette ta yi masa wata bajinta. Wata abokiyar aikinta tana Indiya, a gonar wani manomi da shi ma yake fama da jan ɗigo. Suka haɗa su ta waya mai hoto. Sai ga wani dattijo da ƙaton rawani da gashin baki murɗaɗɗe ya cika fuskar wayar. Dawuda ya yi masa sallama da Hausa, ya ƙara da Fillanci, ya ƙara da ɗan Faransancin da yake da shi. Dattijon ya amsa da nasa yaren. Ba wanda ya ji wani. Dawuda ya ruga ya ɗauko albasa mafi girma ya kanga a wayar. Dattijon ya kaɗa kai, ya ɓace, ya dawo da farin kabeji kamar kan jariri. Dawuda ya nuna masa injinsa. Dattijon ya juya wayar ya nuna nasa, ya dafa shi, ya kama kunnensa da hannu alamar ya tuba. Dawuda ya kama nasa kunnuwan duka biyu. Suka fashe da dariya, wannan a bakin Binuwai, wancan a can ƙarshen duniya, har sai da wayar ta yanke suna yi.

Bayan nan ba da daɗewa ba aka rufe binciken. Rashin tsaro a arewa mai nisa ya sa aka janye ma'aikata da dama, aka mayar da Henriette Ngaundare. Ta zo ta kwance agogon ruwa, ta tone sandunanta. Dawuda ya cika mata buhu da albasa, ya ɗaure a babur ɗinta har tayar baya ta lotsa. Bai sake ganin taswirar ba, don haka har yau ba wanda ya san kalar ɗigonsa. Shi dai yana cewa a jikinsa yana jin ya kai kore.

Yanzu gwiwa ta fara ba shi matsala, amma bakin yana nan. Matasan fadama sun san in suka hango shi tafe da sanda to za a cusa hannu a kominsu, a kuma yi musu wa'azin ruwa. Kwanan baya wani direba ya faɗa a wajen mai shayi cewa a garin Pitowa an kawo injin ban ruwa da ba ya shan mai, hasken rana kawai yake ci, ko ƙara ba ya yi. Dawuda ya tafi gida kai tsaye yana ƙwala wa Hindu kira tun daga zaure.

"Ina makullin babur?"

"Malam, likita ya ce ka huta."

"Zan huta a Pitowa."

Ta miƙa masa makullin, ta ce ya biya ta kasuwa ya sayo mata busasshen kifi in zai dawo.